Ƙaramar kwalejin da ta kayar da Harvard a 1921: sa'a ce ko shiri?

Auwalu (Lexington):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda jiya aka kwana ana ja-in-ja a kan wace ce nasarar ba-zata mafi girma a tarihin wasanni, kowa sai jawo Leicester da ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a 2016 yake yi, bari in kawo muku wadda Amurkawa suke ji da ita a wasansu na zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita.

Akwai wata 'yar kwaleji mai suna Centre a garin Danville, nan jihar Kentucky, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda nake. An kafa ta a 1819. A 1921 ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 300 ba, kuma duk maza ne. Suka shiga jirgin ƙasa suka je har gidan jami'ar Harvard, ranar 29 ga Oktoba na shekarar suka doke ta 6 da 0 a gaban 'yan kallo sama da 40,000. Harvard ɗin nan fa ta yi kakar 1919 da ta 1920 babu wanda ya kayar da ita, kuma ita ta ci babban wasan ƙarshen kaka na Rose Bowl ranar 1 ga Janairun 1920, ta doke Oregon 7 da 6. A lokacin gasar ƙwararru ta NFL jaririya ce, a 1920 aka kafa ta, don haka wasan kwalejoji shi ne wasa. A 1950 kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓi wannan a matsayin ɗaya daga cikin ba-zata mafi girma a rabin farko na ƙarnin. Ni dai na ce ta fi ta Leicester. Bismillah.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Auwalu kai dai tunda ka tafi can komai nasu ya fi namu. Wasa ɗaya fa kake magana. Wasa ɗaya kowa na iya ci, Senegal ta ci Faransa a 2002, Kamaru ta ci Ajantina a 1990. Leicester wasa 38 ta buga, uku kawai aka ci ta. Kar ka haɗa.

Ɗan Maraɗi:
Ku dakata mini. 6 da 0 ɗin nan ƙwallo shida suka zura ke nan? In haka ne ai wannan ba ba-zata ba ce, yanka ne.

Auwalu (Lexington):
A'a ɗan'uwa, ci ɗaya ne tak. A wasan nan in ka kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan karawa, maki 6 ne. Sai a ba ka damar buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin sanduna don ƙarin maki ɗaya. To Centre sun samu 6 ɗin, bugun ƙarin ya ɓaci. Ka ga da Harvard ta kai sau ɗaya kacal ta buga nata daidai, da 7 da 6 za a tashi. A haka suka riƙe kusan rabin wasa.

Yadda ake tafiya kuwa, ana ba ku dama huɗu ku ci gaba da yadi 10. In kun ci, a sabunta muku. In kun kasa, ƙwallo ta koma hannun su. An tafi hutun rabin lokaci babu ci. Da aka dawo ba da jimawa ba, madugunsu mai raba ƙwallo, Bo McMillin, ya karɓa ya nufi dama, wani ƙato mai suna Red Roberts ya buɗe masa hanya, sai ya karya hagu ya yanki fili. Yadi 32 ya ruga. 'Yan bayan Harvard sun cim masa dab da layi amma ya riga ya faɗa ciki.

Baban Hanifa, ba wasa ɗaya ba ne. Kakar ce gaba ɗaya: Clemson 14 da 0, VPI 14 da 0, Transylvania 98 da 0, Kentucky 55 da 0, Auburn 21 da 0, Washington and Lee 25 da 0, Tulane 21 da 0. Kafin wasannin ƙarshen shekara, St. Xavier ce kaɗai ta iya samun maki a kansu, shi ma 6.

Baban Hanifa:
98 da 0? Da makarantar firamare suka buga?

Maman Iklima:
Ni abin da ya ja hankalina daban ne. Wani ɗalibina ya taɓa nuna mini hoton bango an rubuta C6H0 da farin fenti, wai in faɗa masa wane sinadari ne. Na ce masa babu irin wannan a kemistiri, kabon shida ba haidurojin ko ɗaya. Ashe labarin nan ne? Centre 6, Harvard 0?

Auwalu (Lexington):
Shi ne Hajiya. Da labari ya iso Danville ta waya, ɗalibai suka ɗauki fenti suka bi gari suna rubuta shi a bango da duk abin da ya tsaya, ana ma ba da labarin har jikin shanu. Akwai ɗaya da ya rage a jikin wani tsohon ginin bulo a harabar makarantar, na tsaya gabansa. Haruffan manya ne, an ja su da hannu ba a daidaita ba, kuma in ba ka san labarin ba wucewa za ka yi ka ɗauka aikin yara ne. Can Boston kuma ɗaliban MIT, maƙwabtan Harvard da ba sa ga-maciji da juna, su suka faɗa fili suka ɗaga McMillin a kafaɗa suka tumɓuke sandunan gola.

Malam Sabo:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Auwalu ɗana, labarinka gaskiya ne, amma ka ba da rabi. Ruwa ba ya tsami banza. Ni na yi shekaru ina malamin wasanni a sakandare, kuma duk ranar da ka ga ƙaramar makaranta ta tashi dare ɗaya tana casa manya, kar ka tambayi addu'ar da suka yi, ka tambayi daga ina yaran suka zo.

Ka duba. McMillin ba ɗan Kentucky ba ne, ɗan Fort Worth ne a Texas. Akwai wani tsohon ɗalibin Centre, Robert Myers, ana ce masa Chief, yana koyar da wasa a sakandaren North Side a can Fort Worth. Shi ya tattaro yaransa ya turo su tsohuwar makarantarsa: McMillin, da Red Weaver, da Matty Bell, da Sully Montgomery. McMillin da Weaver takardunsu ba su cika na shiga kwaleji ba, sai aka ajiye su shekara guda a sakandaren Somerset a Kentucky su cike. A can suka haɗu da Red Roberts ɗin da kake yabo, shi ma aka haɗo da shi. Wannan ba ɗalibai 300 ba ne aka zaɓi 11 a cikinsu. An nemo 11 ɗin ne, aka kawo su cikin 300.

Sannan shekaru. An haifi McMillin a 1895. Ranar da ya ci Harvard yana da shekara 26. Ɗalibin digirin farko!

Mu a nan sunan wannan abu 'yan haya. Na taɓa kai yarana gasar makarantu, muka tarar da mai tsaron bayan ɗaya makarantar da sawun reza a haɓarsa, yarana suna gaishe shi da Yaya kafin a busa. Muka kai ƙara, aka fito da katin makaranta da hoto da hatimi, komai daidai. Aka ci mu 4. Takarda ba ta ƙarya, in ji su.

Baban Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya Malam. Auwalu ina kake?

Auwalu (Lexington):
Ina nan Yallabai. Malam, duk abin da kuka faɗa haka ne, amma ban yarda da sunan 'yan haya ba. Ɗan haya ana kawo shi ranar wasa ne, a biya shi, gobe ba ka ƙara ganinsa. McMillin ya zo Danville a 1917 bai bar ta ba sai bayan kakar 1921, da ɗan katsewar aikin sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yaƙin nan shi ya sa kwalejoji da dama a shekarun suke da ɗalibai masu shekaru, ba Centre kaɗai ba.

Kuma Harvard ɗin ita daga ina take samo nata? Daga manyan makarantun kwana na 'ya'yan masu kuɗi a arewa maso gabashin ƙasar, inda ake horar da yaro tun yana ƙarami. In mai kuɗi ya tara gwanaye a ce tsari ne, in talaka ya tara a ce haya?

Malam Sabo:
Ban ce Harvard waliyyai ba ne. Abin da nake ja shi ne kalmar ba-zata. Wa abin ya zo wa ba zato? Sai wanda bai bi labari ba. A 1919 Centre ta buga 9 ta ci 9. A cikinsu har da West Virginia, 14 da 6, mako ɗaya bayan West Virginia ta lallasa Princeton 25 da 0. Walter Camp, wanda shi ne mai faɗa a ji wajen zaɓen gwarazan ƙasa, ya sa McMillin da Weaver a sahun farko na shekarar. Dalilin da ya sa Harvard ta gayyace su ke nan, don mutanen Boston suna son ganinsu, kuma ƙofa za ta kawo kuɗi. A 1920 suka je, aka tafi hutu 14 da 14, sannan ƙarfinsu ya ƙare aka ci su 31 da 14. Wanda ya riƙe ka canjaras rabin wasa bara, in ya kayar da kai bana, ba aljani ba ne.

Auwalu (Lexington):
A wasan 1920 ɗin ne ma kyaftin ɗin Harvard, Arnold Horween, ya miƙa wa McMillin ƙwallon wasan don girmamawa, shi kuma ya ƙi karɓa, ya nuna sai baɗi in sun ci da kansu. Kuma ya cika.

Injiniya Bashir (Houston):
Ku bari in shigo, don an taɓo Texas. Akwai abin da ba a faɗa ba game da Harvard. Mako ɗaya kafin Centre, ta sha da ƙyar a hannun Penn State, 21 da 21. Mako ɗaya bayan Centre kuma Princeton ce ke jiranta, sannan Yale a ƙarshe. A wurin Harvard waɗannan biyun su ne kaka, saura duk share fage ne. Kocinsu Bob Fisher hankalinsa na kan Princeton, kuma magoya bayansu sun daɗe suna kafa hujja da cewa ba a fito da cikakken ƙarfi a kan Centre ba. Abin dariyar, Princeton ɗin ma ta ci su 10 da 3. Wato Harvard ta 1921 ba ta 1919 ba ce, suna ne ya rage da kwarjini.

Baban Hanifa:
Ka ji ko? Kamar ka ci babbar ƙungiya a kofin da ta zuba yara. Mun saba gani.

Auwalu (Lexington):
Raina kama ka ga gayya ke nan. In ka ajiye manyanka don ka raina baƙo, laifin baƙon ne? Kuma Harvard ɗin da kuke cewa ta mutu, ita ta doke Yale 10 da 3 a ƙarshen kakar nan.

Ɗan Maraɗi:
Tambayata ita ce, ko da an tattaro yaran, yaya makaranta mai mutum 300 za ta iya? A talabijin na ga ƙungiya ɗaya mutum sun kusa 100 a gefen fili, waɗannan su fita waɗancan su shiga.

Injiniya Bashir (Houston):
Nan ne gizo ke saƙa, kuma a ganina wannan ne amsar muhawarar gaba ɗaya. Wasan da kake gani yanzu ba shi ake bugawa a 1921 ba. Yanzu akwai rukunin masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugun ƙafa daban, ana canji yadda aka ga dama. A wancan zamani doka ta takura canji, mutum ɗaya shi zai kai hari shi zai tare, sau da yawa minti 60 cur. McMillin da ya ci ƙwallon shi ne kuma yake komawa baya yana tare 'yan Harvard. Saboda haka ba ka buƙatar mutum 80. In ka samu ƙarti 15 zuwa 20 masu jimiri, waɗanda suka shekara huɗu suna wasa tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, za ka iya tunkarar kowa a ƙasar. Yawan ɗaliban Harvard bai amfane ta da komai ba, tunda 11 za ta sa a fili.

Ga kuma wahala. Hular fata ce a kai, babu ƙarfen kare fuska, wasu ma ba sa sakawa, don sai 1939 aka wajabta hula a wasan kwalejoji. A 1905 mutum aƙalla 18 suka mutu a wasan nan, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan makarantu fadarsa, daga nan aka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906 don a rage cakuɗuwar jiki. Jifar nan ta taimaki ƙananan makarantu sosai, don mai dabara ya samu hanyar kauce wa mai ƙiba.

Tun daga 1965 da aka saki canji gaba ɗaya, sai wasan ya koma na mai yawan mutane da kuɗi. A 1973 kuma hukumar NCAA ta raba makarantu aji uku. Centre tana aji na uku yanzu, inda ba a ba da tallafin karatu don wasa.

Maman Iklima:
Ina da tambaya da ba ta shafi ci ba. A hotunan da nake gani duk farare ne. Ina baƙaƙen fata, su da suka cika wasan yanzu?

Auwalu (Lexington):
Doka ce ta hana, Hajiya. A 1904 Kentucky ta yi dokar da ake kira Day Law, ta haramta baƙi da fari su yi karatu a makaranta ɗaya, an yi ta ne musamman don kwalejin Berea da ke haɗa su. Sai 1950 aka sassauta ta. Don haka Centre ta 1921 babu baƙi ko ɗaya a aji balle a fili. A arewacin ƙasar akwai ɗaiɗaiku. Fritz Pollard, baƙar fata, shi ya jagoranci Brown ta doke Harvard 21 da 0 a 1916. Wani abin mamakin, alƙalin Kotun Ƙoli John Marshall Harlan, wanda shi kaɗai ya ƙi amincewa da hukuncin wariya na 1896, tsohon ɗalibin Centre ne.

Malam Sabo:
To ka ga wani rabin labarin da ba a rubuta a bango ba.

Ɗan Maraɗi:
Na ga ana ce wa 'yan Centre masu addu'a. Limamai ne?

Auwalu (Lexington):
Makarantar tana da alaƙa da cocin Presbyterian, amma laƙabin daga ɗakin sauya kaya ya fito. Tun 1917, kafin wasansu da Jami'ar Kentucky, suka durƙusa suka yi addu'a, suka fita suka ci 3 da 0 da bugun ƙafar McMillin. Sai abin ya zama al'ada, 'yan jarida suka kama. Kocinsu Charley Moran kuwa alƙalin wasan besbol ne a babbar gasar ƙasar, in bazara ta wuce ya dawo Danville.

Malam Sabo:
Ka ƙarasa mana, ɗana. Shugaban masu addu'ar nan, McMillin, an san shi ba ya shan giya, ba ya ashar, amma kuma an san shi gwanin caca ne, kuma karatu bai dame shi ba. Ba ni na faɗa ba, duk wanda ya rubuta tarihinsa sai ya ambata.

Injiniya Bashir (Houston):
Kuma Auwalu ya tsaya a Tulane bai faɗi yadda kakar ta ƙare ba. Bari in taya shi. Ranar 26 ga Disamba suka je San Diego a Kalifoniya suka ci Arizona 38 da 0. Daga can suka hau jirgi zuwa Dallas, ranar 2 ga Janairun 1922 suka haɗu da kwalejin noma da kanikanci ta Texas A&M. McMillin ya dawo gida, ana dab da wasan ya yi aure, ana ta shagali. A&M ta ci su 22 da 14. Kaka ta tashi 10 da 1.

A wasan nan ne 'yan A&M suka yi ta jin rauni har benci ya kusa ƙarewa, sai kocinsu Dana Bible ya kira wani ɗalibi, E. King Gill, daga wurin 'yan jarida. Ya sauko ya sa kayan wani da ya ji ciwo, ya tsaya a gefen fili har aka tashi, ba a ma sa shi ba. Daga nan al'adar mutum na 12 ta samo asali. Har yau ɗaliban A&M a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, a filin da ke cin mutum sama da 100,000. Na shiga cikinsu, ƙafafuna sun gaya mini. In ka tambayi yawancinsu da wa aka buga ranar, ba su san Centre ba.

Baban Hanifa:
Wato angon ya ci Harvard ya kasa cin manoma. Auwalu, Leicester kofi ta ɗaga a ƙarshe, naku duka suka sha a ƙarshe. Rufe shafin.

Auwalu (Lexington):
Sun ratsa ƙasar daga Kentucky zuwa bakin tekun yamma suka juyo Texas a jirgin ƙasa, wasa biyu cikin mako guda. Wace ƙungiyar Ingila ce ta yi haka?

Malam Sabo:
Bar batun jirgi. Ga gwajin da zai raba mu. In sirrin na makarantar ne, ya kamata ya zauna bayan yaran sun tafi. In na mutanen ne, zai bi su. A 1922 babu McMillin, Centre ta koma Harvard aka ci ta 24 da 10. Moran ya tafi Bucknell bayan kakar 1923. Shi kuma McMillin ya zama koci, ya fara da Centenary a Louisiana, ya koma wata 'yar kwalejin mai suna Geneva a Pennsylvania, ya tafi da ƙaton ɗan wasansa Cal Hubbard daga can zuwa can. A 1926 ya kai Geneva gidan Harvard ya ci ta 16 da 7. Mutum ɗaya, makaranta biyu, dabara ɗaya. Daga baya ya ci kofin gasar manyan jami'o'i ta Big Ten da Indiana a 1945, ya horar da ƙungiyar ƙwararru ta Detroit Lions.

Auwalu (Lexington):
Malam, kun tsallake 1924. Babu McMillin, babu Moran, babu Roberts, amma Centre ta doke Alabama 17 da 0, kuma shi ne kaɗai wasan da aka ci Alabama a kakar. Wannan fa?

Malam Sabo:
Wa ke koci a 1924?

Auwalu (Lexington):
Chief Myers.

Malam Sabo:
Wanda ya kwaso yaran Fort Worth tun farko. Na gode.

Baban Hanifa:
Malam ya gama da kai. Amma ni har yanzu 98 da 0 ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Injiniya, a lissafa mini, sau nawa ke nan suka tsallake layin?

Injiniya Bashir (Houston):
In kowane ci ya zo da ƙarin makinsa, 7 ke nan, 98 a raba 7, sau 14. A wasan minti 60, kusan duk minti huɗu ana ci.

Baban Hanifa:
Kuma mutum 11 ɗin nan na Transylvania ba a canza su, haka suka tsaya suna sha har aka busa? Su ya kamata a rubuta wa suna a bango.